Gitar Bas: Yadda Masana'anta Ta Haifi Sana'ar Hannu

A ƙarƙashin tsirkiyoyin kowace gitar bas ta lantarki akwai wani ɗan akwati, galibi baƙi, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba. Shi ne maɗaukin sauti, abin da ke jin rawar tsirkiya ya mayar da ita wutar lantarki, a tura ta cikin waya zuwa amfulifaya da lasifika. Wannan ɗan abu yana da kasuwarsa daban a Amurka da Turai da Japan. Makaɗi zai kwance wanda ya zo da gitarsa ya saka wani, ya jefa na farkon a aljihun tebur. Kafin a jima ya tara da yawa, sai ya fito da su kasuwa domin ya haɗa kuɗin katako da wuya da jaki, a ƙera masa gitar da babu irinta a kanti, ko ya haɗa ta da kansa. Masu wannan harka suna ɗaukar kansu a matsayin waɗanda suka juya wa masana'anta baya suka koma aikin hannu. Tarihi bai goyi bayansu ba. Masana'antar ce ta haife su, kuma da ba don wani mai gyaran rediyo da ya fi damuwa da sauƙin gyara a kan kyawun sassaƙa ba, da babu yadda za a yi mutum ya sayar da tsohon maɗaukin sauti ga baƙon da bai taɓa ganin gitarsa ba, kuma abin ya zauna daram.

Aikin maɗaukin sauti ba shi da wuyar ganewa. Maganaɗisu ne, wanda a tsofaffin gitoci aka haɗa shi da alminiyom da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, aka naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai ta girgiza ƙarfin maganaɗisun, wannan girgiza kuma ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. An yi shekara ɗari kafin George Beauchamp da Adolph Rickenbacker su ɗora wannan ilimi a kan gita a birnin Los Angeles, a farkon shekarun 1930. Ko gitar bas ɗin ma ba mai gyaran rediyon nan, Leo Fender, ne ya fara yin ta ba. Paul Tutmarc na birnin Seattle ya fitar da tasa a tsakiyar shekarun 1930 da sunan Audiovox, mai tsirkiya huɗu, ana rataya ta a kafaɗa kamar kowace gita. Kaɗan aka sayar, aka manta da ita. Wannan ya isa ya nuna cewa kasancewa na farko ba shi ne abin da ya kafa wannan sana'a ba. Tutmarc yana da dabara, amma bai da abin da zai sa dabarar ta zama ma'aunin da kowa zai bi.

Leo Fender ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma har ya rasu a 1991 bai zama makaɗin gita ba. Abin da ya sani shi ne abin da ke lalacewa da kuma wahalar da mai gyara ke sha. Makaɗan babban gogen nan na Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, wanda ya kai tsawon mutum, suna fama da matsala biyu: ɗaukarsa daga gari zuwa gari azaba ne, kuma idan ganguna da ƙahonni suka tashi ba a jin sa. A ƙarshen 1951 Fender ya fitar da Precision Bass, mai tsirkiya huɗu, tsawon tsirkiya daga jaki zuwa kai inci 34, da sandunan ƙarfe a jere a kan wuya domin ɗan yatsa ya faɗa daidai wurin da ake so. Ƙungiyar makaɗan Lionel Hampton ta karɓe ta da wuri, Monk Montgomery kuma ya zagaya Turai da ita a 1953. Amma abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne yadda aka haɗa ta. Jikinta katako ne guda shimfiɗaɗɗe da inji ya yanka bisa zane ɗaya. Wuyanta ba a manne yake da gam ba, sukuru huɗu ne ke riƙe da shi. Maɗaukin sauti da wayoyinsa suna zaune a ramin da aka fafe, ana iya kwance su da sukudireba da ɗan ƙarfen narka dalma. Masassaƙan gargajiya sun raina wannan tsari, suna ganin aikin kafinta ne kawai. Fender kuwa lissafinsa daban: idan wuya ya karkace, a kwance shi a aika da sabo ta gidan waya, makaɗi ya ci gaba da neman abincinsa.

A 1957 aka sauya wa Precision maɗaukin sauti, aka raba shi gida biyu, kowane rabi yana kula da tsirkiya biyu. An naɗe rabi ɗaya ta wannan fuska, ɗayan ta kishiyarta, aka kuma juya maganaɗisunsu, ta yadda ƙugin da wutar gida ke jefawa cikin waya zai soke kansa, sautin tsirkiya ya wuce. Irin wannan dabara ce Seth Lover ya yi wa kamfanin Gibson a daidai wannan lokaci. A 1960 Jazz Bass ta fito da maɗauka biyu dogaye sirara, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da jaki. Waɗannan siffofi biyu, da makaɗa ke kira P da J, su ne suka zama mudun kasuwar baki ɗaya. Fender ta sayar da gitocin da yawa har aka yi zamanin da ake kiran kowace gitar bas ta lantarki da sunan kamfanin, kuma gitocin kowace siffa, P ko J, suna ɗauke da ramuka masu faɗi da tsawo iri ɗaya. Duk wanda ya taɓa kai keke wurin mai gyara ya san amfanin wannan: sarƙa da feda da taya na wani kamfani suna shiga keken wani, shi ya sa ake samun mai gyaran keke a kowane lungu. Ramin da aka fafe iri ɗaya sau dubbai gayyata ce ga duk wanda yake ganin zai iya cika shi da abin da ya fi na asali.

Bayanin da aka fi yawan bayarwa game da tasowar wannan kasuwa shi ne cewa lalacewar aiki ce ta tura makaɗa neman kayan gyara. Akwai gaskiya a ciki. A watan Janairu na 1965 kamfanin watsa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma a shekarun 1970 makaɗa suka yi ta ƙorafi a kan fenti mai kauri, da katako mai nauyi, da wuyan Jazz Bass da aka mayar sukuru uku, wanda a wasu gitocin yake motsi a mazauninsa. Har mazaunin maɗaukin da ke kusa da jaki aka ɗan matsar, sautin ya canza. Sai dai ƙorafi kaɗai ba ya gina kasuwa. Gibson ma ta shiga hannun sababbin masu mallaka a ƙarshen shekarun 1960, ita ma makaɗa sun koka da aikinta, amma ba a ga shaguna sun cika da wuyan Gibson na sayarwa ba, domin yawancin wuyanta a manne yake da jiki, ba mai taɓa shi sai ƙwararren masassaƙi. Gitocin bas nata kuma, daga EB-0 zuwa Thunderbird zuwa Ripper, kowace da irin maɗaukinta da girmansa, don haka mai ƙera na canji ba shi da siffa guda da zai yi dubu ya sayar. Inda Gibson ta riƙe girma ɗaya, wato a maɗaukin Seth Lover na gita mai tsirkiya shida, nan take kasuwar canji ta tsiro. Mai gitar Fender da ransa ya ɓaci yana da mafita a hannunsa. Mai bas ɗin Gibson da ransa ya ɓaci yakan sayar da ita ne kawai.

Shekarun 1970 su ne suka mayar da wannan dama sana'a. Larry DiMarzio na Niyok ya fitar da Super Distortion a 1972, wanda ake ɗauka a matsayin maɗaukin canji na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa, daga baya ya yi na bas mai siffar P. Bill Bartolini da matarsa Pat sun fara nasu a Kalifoniya a farkon wannan shekara goma. Seymour Duncan, wanda ya koyi aikin ta hanyar warware tsofaffin maɗauka yana sake naɗe su, ya kafa kamfaninsa a 1976, shekarar da Rob Turner ya fara abin da ya zama EMG, kuma David Schecter ya buɗe shagon jikin gita da wuya da ƙarafa. A Tokyo, ESP ta fara a 1975 a matsayin shagon kayan gyara kafin ta zama mai ƙera gita. Warmoth ta biyo baya a 1980 a jihar Washington, tana yanka wuya da jiki bisa ma'aunin Fender. Hatta jakin Badass mai nauyi da ya yi tashe a lokacin an yi masa samfurin da ramukansa suka dace da ramukan sukuru na Fender, domin kada mai gita ya huda katakonsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya nemi ya rushe ma'aunin Fullerton, dukkansu a kansa suka tsaya. Kasuwar kayan hannu kuma daga nan ta samo asali, domin duk lokacin da aka saka sabon maɗauki, an fitar da tsoho mai lafiya ke nan, wanda zai shiga gitar wani. Da farko ta allon sanarwa na shagunan kiɗa da ƙananan tallace-tallacen mujallu ake cinikin, daga baya eBay da aka kafa a 1995 da Reverb da aka kafa a 2013 suka faɗaɗa shi zuwa ko'ina.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo domin ƙalubalantar wannan ra'ayi ita ce kamfanin Alembic, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. An kafa ta a 1969 a arewacin Kalifoniya, cikin mutanen da ke kula da sautin ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead, da Ron Wickersham a ɓangaren lantarki da Rick Turner a ɓangaren katako. Gitar da suka yi wa makaɗin bas Jack Casady a farkon shekarun 1970 ba ta ɗauko komai daga Fender ba a ido: wuyanta ya ratsa jiki daga kai har gindi, an jera katako kala-kala an manne, ƙarafanta na farar tagulla ne, maɗaukanta kuma naɗinsu kaɗan ne, aka haɗa su da 'yar na'urar ƙara ƙarfi a cikin gitar kanta. Da Stanley Clarke ya ɗauki Alembic, duniya ta ji bas tana magana da muryar da ba a saba ji ba. Daga wannan reshe ne Ken Smith da Michael Tobias da Stuart Spector da Fodera a Amurka, da Wal a Ingila, suka fito. Wannan aikin hannu ne na gaske, kuma ba za a ce Leo Fender ne ya zana shi ba. Amma a duba abu biyu. Na farko, su kansu mutanen Alembic da gyaran kayan masana'anta suka fara, suna farke gitocin kamfanin Guild na Casady da Phil Lesh suna sauya musu wayoyi. Na biyu, kuma shi ne babba, gitar Alembic ta fi ƙarfin aljihun makaɗin da ke kiɗa a gidan rawa kowane dare. Dabararsu ta sa na'ura mai aiki da wuta a cikin gita ta isa hannun talakan makaɗi ne lokacin da EMG da Bartolini suka ƙanƙanta ta, da batir mai bolt 9, ta shiga ramin P da J. Roger Sadowsky, wanda ya buɗe shago a Niyok a 1979, ya yi suna ne bayan ya saka irin wannan na'ura a Jazz Bass ta 1977 ta Marcus Miller, kuma da ya fara ƙera nasa gitocin, siffar Jazz Bass ya ɗauka ya gyara. Shi kansa Leo Fender, da ya dawo fagen da StingRay ta kamfanin Music Man a 1976, ya sa mata na'urar batir da wani ƙaton maɗauki, wanda ya zama siffa ta uku da masu kayan canji ke ƙerawa har yau.

Wasu kuma suna cewa duk wannan ciniki camfi ne, sauti a yatsu yake. Sukan kawo James Jamerson, wanda ya kaɗa waƙoƙin Motown masu yawa a Detroit da Precision ta 1962 kusan yadda ta fito daga kanti, har tsirkiya ma ba ya son canzawa. Ina tare da su a rabin maganar. Babu maɗaukin da zai ba mutum kunnen Jamerson, kuma abin takaici ne ganin matashi yana kashe kuɗi da lokacin da ya kamata ya ba wa koyon kiɗa wajen kwance sukuru. Haka kuma darajar da ake ɗora wa tsofaffin maɗauka na kafin 1965 ta wuce abin da kunne zai iya shaida, kuma inda farashi ya kai haka dole jabu ya shigo. Amma bambancin da ke tsakanin maɗauki da maɗauki abu ne da ake aunawa. Idan aka ƙara yawan naɗi, wutar da ke fita tana ƙaruwa, kaifin sauti yana raguwa. Idan aka matsar da maɗauki kusa da jaki, sauti yana tsukewa ya yi kauri a tsakiya. Maganaɗisun yumbu da na ƙarfe ba sa amsawa iri ɗaya. A zamanin farko hannu ne ke bi da waya yayin da inji ke juyawa, don haka naɗi biyu ba sa zama ɗaya sak, shi ya sa sunan mai naɗin waya Abigail Ybarra, wadda ta shiga Fender a 1956 ta yi ritaya a 2013, ya zama abin nema a bayan maɗauki. Sannan waɗanda ake kafa hujja da yatsunsu ba duka ne suka bar kayansu yadda suke ba. An cire sandunan ƙarfe daga wuyan Jazz Bass ɗin Jaco Pastorius, shi kuma ya cike guraben, ya shafe allon da gam mai tauri irin na jiragen ruwa. Ana iya yin haka da zuciya ɗaya ne saboda kayan masana'anta ne, idan an ɓata wuyan akwai wani.

Saura masu cewa haɗa sassan da aka saya ba sana'a ba ce, cewa mai sukudireba bai isa a jera shi da masassaƙan goge na Cremona ta Italiya ba. Ba a jera su ba, kuma babu buƙata. Wanda ya taɓa ganin yadda ake daidaita mazaunin wuya, a goge sandunan ƙarfe su yi kai ɗaya, a rufe ramin wayoyi da takardar jan ƙarfe domin kashe ƙugi, ya san akwai ilimi a wurin. Abin lura shi ne yadda masana'antar ta koma tana koyo daga 'ya'yanta. Makaɗa ne suka fara fafe Precision suna ƙara mata maɗaukin J kusa da jaki, kafin kamfanoni su fitar da wannan haɗi a matsayin samfuri. Bayan CBS ta sayar da Fender a 1985 ga wasu ma'aikatanta ƙarƙashin Bill Schultz, cikin abubuwan da suka yi da wuri akwai buɗe sashen ƙera gita bisa odar mutum a 1987. Da kamfanin ya nemi a yi masa rajistar siffar jikin gitocinsa Precision da Stratocaster da Telecaster a matsayin tambarinsa, wasu masu ƙera gita suka ƙalubalance shi, kuma a 2009 hukumar da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki a Amurka ta ƙi amincewa, bisa dalilin cewa siffofin sun daɗe da zama na kowa. Siffar kan gita kaɗai kamfanin ya riƙe, ita ce masu yanka wuya ke karɓar lasisi a kanta.

Ana iya gwada wannan ra'ayi a wurin da ma'aunin Fender bai kai ba. A 1974 Anthony Jackson ya nemi Carl Thompson ya ƙera masa bas mai tsirkiya shida, da ƙarin ɗaya a ƙasa da ɗaya a sama. Da gitar ta fito bai ji daɗinta ba, domin an matse tsirkiyoyin ne su dace da faɗin maɗaukan da ake samu a lokacin. Ƙaramin akwatin ne ya yanke wa katakon hukunci. Bas mai tsirkiya biyar ta yaɗu a shekarun 1980, StingRay mai biyar ta fito a 1987, amma babu kamfani ɗaya da ya mamaye kasuwar har ya kafa doka, don haka aka sami girma barkatai. EMG tana da akwatuna masu inci uku da rabi, da huɗu, da huɗu da rabi, Bartolini tana da nata jerin, tazarar tsirkiyoyi a jaki kuma tana kamawa daga kusan milimita 16 zuwa 19 ko fiye. Shi ya sa mai sayar da maɗaukin P na hannu yakan faɗi sunan kamfani da abin da mitar auna wuta ta nuna kawai, mai sayar da na tsirkiya biyar kuwa sai ya auna tsawo da faɗi da tazarar sukuru, kuma yakan daɗe kafin ya sami wanda ramin gitarsa ya yi daidai. Wanda ke shirin a ƙera masa irin wannan gita yakan fara da sayen maɗauka da jaki ya miƙa wa masassaƙi, domin rami idan aka fafe shi ba ya komawa. Katakon ma yanzu da takarda yake tafiya: tun 1992 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin jan katakon Brazil da tsofaffin gitocin Fender ke ɗauke da shi a allon wuya, a watan Janairun 2017 aka sa ido a kan sauran danginsa da bubinga, wadda ake sarowa daga dazuzzukan Kamaru da Gabon, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka gama ƙerawa, ban da na Brazil ɗin.